Despacito: Waƙar da Ta Sa Aka Ƙidaya Masu Sauraron da Ba a Ƙidayawa

A ranar 13 ga Janairun 2017 wani mawaƙi ɗan tsibirin Puerto Rico, Luis Fonsi, ya saki waƙa da Sifaniyanci tare da ɗan ƙasarsu Daddy Yankee, suka sa mata suna "Despacito", wato sannu a hankali. Kafin shekarar ta ƙare waƙar ta hau matsayi na ɗaya a ƙasashe 47, ta yi mako 16 a saman jadawalin Billboard Hot 100 na Amurka, ta kamo tarihin da Mariah Carey da Boyz II Men suka kafa tun 1996, sannan bidiyonta ya zama na farko da aka kalla sau biliyan uku a YouTube. Labarin da ya fi yawo a bakin mutane shi ne Justin Bieber ne ya tsinci waƙar a wani gidan rawa, ya sa muryarsa a ciki, ya fito da ita idon duniya. Wannan labari yana da ƙamshin gaskiya, amma ya juyar da al'amarin kai ƙasa. Abin da nake gani shi ne jama'ar da suka ɗaga waƙar nan sun daɗe a wurin, shekara da shekaru suna sauraro suna rawa, masu riƙe da ma'aunin kasuwa ne kawai ba sa lissafawa da su. Ranar da ma'aunin ya sauya aka fara ƙidaya su, sai ga shi sun fi ƙarfin a kau da kai. Wanda yake son fahimtar yadda hakan ta faru sai ya fara duba abin da ake nema daga mawaƙin Latin Amurka kafin 2017, idan yana son a ji shi a Amurka.

Sharaɗin tsohon zamani ɗaya ne, ka ajiye harshenka a bakin ƙofa. A 1958 wani yaro ɗan asalin Meziko da aka haifa a Kalifoniya, Richard Valenzuela, ya rera "La Bamba", amma sai da aka gutsure sunansa ya koma Ritchie Valens don ya yi wa gidajen rediyo daɗin faɗa. Gloria Estefan da ƙungiyar Miami Sound Machine sun shiga kasuwar Amurka a 1985 da "Conga", kiɗan na Kuba ne, baitocin kuwa Turanci. A 1999 aka yi abin da jaridun Amurka suka riƙa yayatawa a matsayin ɓarkewar kiɗan Latin: Ricky Martin ya girgiza taron Grammy a watan Fabrairu, ya biyo baya da "Livin' la Vida Loca" wadda ta yi mako biyar a matsayi na ɗaya, sai Enrique Iglesias da Marc Anthony da Jennifer Lopez suka bi sahu, Shakira kuma ta fito da kundinta na Turanci a 2001. Dukansu da Turanci suka shiga, aka bar musu kalma biyu ko uku na Sifaniyanci a matsayin ado. Shi kansa Fonsi ya bi wannan hanya. An haife shi a San Juan a 1978, iyayensa suka koma Orlando yana yaro, ya karanta kiɗa a jami'a a Florida, ya iya Turanci sarai, amma kundinsa na Turanci na 2002, "Fight the Feeling", bai je ko'ina ba, ya dawo ya ci gaba da waƙoƙin soyayya masu sanyi da Sifaniyanci har shekara goma sha biyar. Waƙoƙin Sifaniyanci biyu kacal suka taɓa hawa saman jadawalin kafin nan, "La Bamba" da Los Lobos suka sake rerawa a 1987 saboda wani fim, da "Macarena" a 1996, ita ma sai da aka cusa mata baitocin Turanci. Ba wadda ta buɗe wa wani hanya a cikinsu.

Kiɗan da ke ƙarƙashin "Despacito" kuwa ya bi wata hanya dabam, hanyar da ba ta ratsa ofisoshin manyan kamfanoni ba. Ana kiransa regeton, kuma ƙashin bayansa wani bugu ne da ake cewa dembo: babbar ganga tana sauka daidai wa daida sau huɗu, ƙaramar kuma tana faɗowa a tsakani da jinkiri kaɗan, yadda jiki ke jin kamar ana ja da shi gaba ana sakinsa. An gina wannan bugu a situdiyon Kingston ta Jamaika. Masu haɗa kiɗa biyu, Steely da Clevie, suka fitar da wani sauti a 1989 mai suna "Fish Market", a shekarar 1990 kuma Shabba Ranks ya rera "Dem Bow", wadda bugun ya samo sunansa daga gare ta. Daga nan ya faɗa Panama, inda jikokin baƙaƙen fata 'yan tsibiran Karebiyan da aka kwaso aikin haƙa mashigin ruwan Panama tsakanin 1904 da 1914 suke zaune, suna jin Turancin Jamaika a gida da Sifaniyanci a titi. Su El General da Nando Boom suka riƙa ɗora Sifaniyanci a kan kiɗan Jamaika. Ta hanyar New York sautin ya isa rukunin gidajen talakawa na San Juan, inda irin su DJ Playero da DJ Negro suke naɗar samari a kaset ana sayarwa hannu da hannu. Hukuma ba ta yi maraba da shi ba. A watan Fabrairun 1995 'yan sandan Puerto Rico suka kai samame shagunan kaset a yankin San Juan suka kwashe ɗaruruwa bisa zargin batsa, a 2002 kuma aka yi zaman majalisar dattawan tsibirin a kan bidiyoyin wannan kiɗa. Ɗaya daga cikin samarin da suka taso a waɗancan kaset-kaset shi ne Ramón Ayala na unguwar Villa Kennedy, wanda harsashin da ba shi aka nufa ba ya same shi a ƙafa ya raba shi da burin wasan ƙwallo. Shi ne Daddy Yankee, kuma waƙarsa "Gasolina" ta 2004 ita ta fara kai regeton kunnen duniya, ko da yake a Amurka ta tsaya a matsayi na 32.

"Despacito" haɗuwar waɗannan hanyoyi biyu ce, kuma ba a yi ta da gaggawa ba. Fonsi ya fara ta da jita a gidansa na Miami tun 2015, yana da kalmar take da ɗan karin sauti, sai ya kira Erika Ender, marubuciyar waƙa 'yar Panama da suka daɗe suna aiki tare, suka zauna suka tsara baitocin. A lokacin waƙar mai sanyi ce, ta fi kusa da salon kumbiya na Kolombiya. Masu haɗa kiɗa biyu 'yan Kolombiya, Andrés Torres da Mauricio Rengifo, su suka shimfiɗa mata dembo a ƙasa, amma suka tausasa shi, suka rage masa kaifin da yake da shi a zamanin kaset. Wanda ya kasa kunne zai ji dabarar tun daga daƙiƙun farko. Waƙar tana buɗewa da sautin kwaturo, wata ƙaramar jita ce ta manoman tsaunukan Puerto Rico mai tsirkiya goma, Christian Nieves ne ya kaɗa ta, don haka kafin murya ta fito ɗan tsibirin ya riga ya san daga gida abin ya zo. Sautin yana zagaye ne a kan matakai huɗu kacal waɗanda kunnen mai jin waƙoƙin zamani ya saba da su ko'ina yake a duniya. Sai babbar dabarar, wadda ke bakin amshi: kiɗa ya ɗauke cak, mawaƙin ya rarraba kalmar take gaɓa-gaɓa yana jan ta, sannan ganguna su dawo gaba ɗaya. Wanda bai san kalma ɗaya ta Sifaniyanci ba yana iya kama waɗannan gaɓoɓi huɗu a ji na farko, kuma yana jiran dawowarsu. Wannan aiki ne na mutanen da suka kwashe shekara ashirin suna koyon abin da ke zama a kunne.

Da farko Nicky Jam aka sa a waƙar, matsalar kamfanoni ta hana, sannan Fonsi ya nemi Daddy Yankee, wanda ya rubuta nasa baitin ya kuma ƙara ɗan guntun da ake maimaitawa bayan amshi. Shigowarsa ta ba waƙar abin da Fonsi ba shi da shi, wato yardar titi. Bidiyon da Carlos Pérez ya ɗauka a Disambar 2016 ya ƙarasa aikin. A La Perla aka ɗauke shi, wata unguwa da ke maƙale tsakanin ganuwar tsohon birnin San Juan da teku, kusa da maƙabarta, wadda ta taso a kewayen mayanka a ƙarshen ƙarni na 19, lokacin da 'yantattun bayi da barori ke zama a bayan ganuwa. Mutanen gari sun daɗe suna gargaɗin baƙi kada su sauka can. Bidiyon ya nuna gidajenta masu launi-launi da igiyar ruwa tana dukan duwatsu, dattawa na buga domino a bakin hanya, ana yi wa yaro aski, Zuleyka Rivera da ta ci gasar sarauniyar kyau ta duniya a 2006 tana ratsa lungu, daga ƙarshe aka rufe a mashayar La Factoría da gangunan bomba, kiɗan da bayin Afirka suka bari a tsibirin. Duk wanda ya tsara wannan bai tsara shi don ya ɓoye asalin waƙar ba.

Yanzu sai maganar ma'auni, wadda a ganina ita ce zuciyar al'amarin. Shekaru da yawa jadawalin Billboard yana dogara ne da abu biyu, cinikin faifai a shagunan da ake lissafawa da yawan sakawa a rediyo, kuma masu zaɓen waƙa a manyan tashoshin Amurka sun yi imani cewa mai sauraro zai murɗa tasha da zarar ya ji harshen da ba ya fahimta. Saboda haka abin da miliyoyin mutane ke ji a gidajensu da motocinsu da bukukuwansu ba ya bayyana a lissafi. A 2012 Billboard ya faɗaɗa ƙidayar sauraro ta intanet, a Fabrairun 2013 ya ƙara da kallon YouTube, kuma a makon farko na wannan sauyi "Harlem Shake" ta faɗo matsayi na ɗaya daga sama. Daga nan ikon ya fara zamewa daga hannun mai zaɓe a tasha zuwa yatsan mai riƙe da waya. Su wa ke riƙe da wayar? Masu Sifaniyanci a matsayin harshen uwa sun haura miliyan 450 a duniya, ƙidayar Amurka ta 2020 ta sami 'yan asalin Latin sama da miliyan 62 a cikin ƙasar kanta, mutanen Puerto Rico kuwa 'yan ƙasar Amurka ne a doka tun 1917. Ke nan waƙar ba ta ma tsallaka wata iyaka ba kafin ta isa New York ko Miami. Mutanenta suna can tuntuni.

Mai musu zai ce duk da haka ba don Bieber ba da ba ta kai matsayi na ɗaya ba. Wannan magana tana da nauyi, kuma ban ga dalilin ƙaryata rabinta ba. Kafin sabon zubin da Bieber ya shiga ya fito a ranar 17 ga Afrilun 2017 waƙar tana yawo ne a wajen matsayi na arba'in da wani abu a Amurka, da ya fito ta yi tsalle zuwa na tara, a watan Mayu ta hau saman. Tashoshin rediyon Turanci da suka yi wata uku suna kau da kai sun buɗe mata ne saboda sunansa. Amma a duba jerin abubuwan yadda suka faru. Bieber yana rangadi a Kolombiya ya ji waƙar a gidan rawa a Bogotá, ya ga yadda jama'a suka tashi, shi ya aika neman a sa shi, ya shiga situdiyo a birnin, aka kawo mai koya masa furuci, ya rera amshin da Sifaniyanci. Wannan juyin tsohon sharaɗi ne baki ɗaya, domin wannan karon babban tauraron Arewacin Amurka ne ya ajiye harshensa a bakin ƙofa. Bidiyon kuma ya cika kallo biliyan ɗaya cikin kwana 97, kwanaki kaɗan bayan fitowar sabon zubin, wato kusan dukan wannan adadi an tara shi kafin Bieber ya buɗe baki. Kuma bidiyon da ya kafa tarihi a watan Agusta, wanda ya riƙe kambun YouTube har Nuwambar 2020, na asali ne, babu Bieber a ciki ko na daƙiƙa ɗaya. Abin da sunansa ya saya shi ne rediyon Amurka, wanda shi ne shinge na ƙarshe da ya rage daga tsohon tsari. Sauran duniya ta riga ta yanke hukunci.

Wani kuma zai ce ai haka aka yi da "Macarena", guguwa ce ta shekara ɗaya ta wuce. Amsar wannan tana cikin abin da ya biyo baya. A cikin 2017 ɗin "Mi Gente" ta J Balvin da Willy William ta kai matsayi na uku bayan Beyoncé ta shiga, a 2018 "I Like It" ta Cardi B da Bad Bunny da J Balvin ta hau na ɗaya. Daga nan aka daina ma buƙatar baƙon murya. A Disambar 2020 kundin Bad Bunny, "El Último Tour del Mundo", ya zama na farko da aka rera gaba ɗaya da Sifaniyanci da ya hau saman jadawalin kundaye na Billboard, shi kuma ya zama mawaƙin da aka fi saurara a Spotify a duniya shekara uku a jere, 2020 zuwa 2022, bai yi kundin Turanci ko ɗaya ba. Karol G ta Kolombiya ta hau saman jadawalin kundayen da irin wannan kundi a 2023, mace ta farko. Tasirin bai tsaya kan Sifaniyanci ba. Hanyar da Wizkid da Tems suka bi da "Essence" a 2021, inda Bieber ɗin dai ya shiga waƙar da ta riga ta yi ƙarfi har ta kai goman farko a Amurka, da wadda Rema ya bi da "Calm Down" tare da Selena Gomez har matsayi na uku a 2023, sawun "Despacito" ne a fili: waƙa ta cika gida da maƙwabta tukuna, sannan tauraron waje ya zo neman gurbi. Ba na cewa waƙa guda ce ta haifi duk wannan, domin sauyin ma'auni zai yi aikinsa ko da ita ko babu ita. Ita ce dai hujjar da ta rufe bakin masu cewa harshe shinge ne, kuma bayan ta kamfanoni suka fara zuba kuɗi inda da ba sa zubawa.

Akwai ƙorafin tarbiyya, wanda bai kamata a share shi ba. Baitocin waƙar zancen sha'awa ne tsakanin namiji da mace, an lulluɓe shi da lafazi mai taushi amma ma'anar ba ta ɓuya ba, kuma miliyoyin yara sun rera ta ba su san me suke faɗa ba. A watan Yulin 2017 gidan rediyo da talabijin na gwamnatin Malesiya ya daina saka ta bayan koke-koken jama'a. Iyayen da suka damu suna da hujja, domin sauƙin da ya sa waƙa ke ratsa harsuna shi ne kuma ya sa take wuce mai tsaron gida ba tare da ya gane abin da ta ɗauko ba. Sai dai wannan ƙorafi yana magana ne a kan ko ya dace a saurara, bai taɓa tambayar yadda aka yi ta yaɗu ba. A wannan watan ne kuma shugaban Venezuela, Nicolás Maduro, ya sauya mata baitoci don tallar zaɓen majalisar da yake son kafawa, Fonsi da Daddy Yankee da Erika Ender duka suka fito suka yi tir da hakan.

Ƙorafin da ya fi damuna, wanda kuma nake ganin ba a amsa shi ba har yau, shi ne na waɗanda suka ce an wanke regeton ne kafin a shigar da shi falo. Kiɗan da aka kwashe kaset ɗinsa a 1995 saboda na baƙaƙe ne da talakawan rukunin gidaje, sai da aka tausasa gangarsa, aka ɗora masa muryar mawaƙin soyayya mai hasken fata, sannan duniya ta karɓe shi da hannu biyu. Masu nazarin kiɗan Karebiyan sun daɗe suna nuna cewa yawancin taurarin da suka ci ribar wannan zamani farare ne ko masu haske, su El General da Nando Boom kuwa sai mai bincike ke tuna su. Wannan gaskiya ce, kuma ba ta rushe abin da na faɗa ba, ƙara masa nauyi ta yi: an ƙidaya masu sauraro, amma ba a ƙidaya maginan ba. Ko a wajen karramawa an ga iyakar karɓar. Waƙar ta ci kyauta huɗu a Latin Grammy na 2017, amma a babban Grammy na Janairun 2018, inda aka sa ta takara a rukuni uku, ta fita hannu rabbana, Bruno Mars ya kwashe manyan biyun. La Perla ta ga 'yan yawon buɗe ido suna sauka lungunanta a bazarar 2017 suna neman inda aka ɗauki bidiyon, sai guguwar Maria ta faɗa wa tsibirin ranar 20 ga Satumba ta yaye rufin gidajen da duniya ta gama kallo, wasu yankuna suka yi kusan shekara babu lantarki, gwamnatin tsibirin ta amince daga baya cewa mutum 2,975 ne suka rasu. Shaharar waƙar ba ta sa agajin Washington ya yi sauri ba.

Bashin kiɗan kansa ya kai gaban alƙali. Steely, wanda sunansa na gaskiya Wycliffe Johnson, ya rasu a 2009, shekara takwas kafin bugun da ya gina ya zagaye duniya. A 2021 abokin aikinsa Cleveland Browne, wato Clevie, da magadan Steely suka shigar da ƙara a kotun tarayya da ke Kalifoniya, suna cewa daga "Fish Market" aka ɗauki dembo ba tare da izini ko biya ba, ƙarar da daga baya ta haɗa da mawaƙa sama da ɗari da waƙoƙi sama da dubu, "Despacito" na cikinsu. Lauyoyin mawaƙan sun ce bugun ganga ba mallakar kowa ba ne, kuma akwai haɗari na gaske idan aka ba mutum biyu ikon mallakar tushen salon kiɗa sukutum. A 2024 alƙalin ya ƙi yin watsi da ƙarar. Ko yaya kotu ta ƙare, ni dai ina ganin duk tarihin wannan waƙa da ya fara daga Miami ko Bogotá, bai ambaci Kingston da Panama da rukunin gidajen San Juan ba, tarihi ne da aka tauye.